Malam Zubairu Ya Je Sayen Sifika

Malam Zubairu ya tsaya a ƙofar shagon kayan sauti da ke bakin babban titin Wudil, yana laluben aljihun rigarsa. Ɗan ƙaramin memori yake nema, wanda aka juye masa wani tsohon kaset a ciki. Ya same shi a naɗe cikin hankici.

Ya yi sallama. Mai shagon, magidanci mai ɗan furfura a gemu, ya taso da sauri, ya cire takalmi, ya tsuguna har ƙasa ya gaishe shi. Malam ya amsa yana kallon gefe. A ransa ya yaba, domin irin wannan tarbiyya ta yi wuya a kasuwa yanzu.

"Sifika nake so," in ji Malam. "Ba ta gidan biki mai dukan ƙirji ba. Wadda ke fitar da murya yadda Allah ya yi ta."

"To, Baba. Bismillah, ga kujera."

Kujerar mai matashi ce, tana tsakiyar shagon, daidai gaban sifikokin.

Tun da Malam ya ajiye aikin koyarwa gidan ya yi masa faɗi. Matarsa Uwani ta rasu. 'Yan matan sun yi aure, ɗaya a Dagumawa, ɗaya a wani gari da sunansa ke ƙin zama a bakinsa. Babba kuwa, ɗansa na fari, ya tafi karatu, kuma a iya sanin Malam har yau bai dawo ba.

Sunan mahaifin Malam aka sa wa yaron, Jibril, shi ya sa ake ce masa Babba. Ga kunyar ɗan fari, ga nauyin sunan uba. Malam bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa tsayawa ya ƙare wa fuskarsa kallo ba. Haka aka yi masa, haka shi ma ya yi. Abin da ya sani na yaron shi ne murya. Wata safiya, yaron yana hadda a tsakar gida, Malam ya laɓe bayan labule da rikoda ya ɗauka, babu wanda ya gaya wa.

Yanzu abubuwa suna zame masa. Sunayen ɗalibai sun tafi, littattafan da ya haddace sun bi su. Tsoronsa shi ne muryar ma ta bi bayansu, ga rediyon gida tana shaƙe ta kamar mai magana daga cikin rijiya.

Mai shagon ya karɓi memorin, ya fara gwada shi a wasu sifikoki dogaye, baƙaƙe, masu kai wa mutum ƙugu. Ƙasa ta ɗauki rawa. Taɓaryar Uwani da ke daka a bayan karatun ta cika shagon, ta danne yaron.

"Wannan ai ta masu daka ce," in ji Malam. "Kashe."

Ya koma kan wasu ƙanana masu ƙyalli. Muryar ta fito siririya, mai tsini.

"Haba, ɗan nan. Ta mayar mini da shi sauro."

Mai shagon ya yi dariya ƙasa-ƙasa, kansa a sunkuye. Sai ya jawo wasu guda biyu daga lungu, na katako mai ruwan zuma, ko ledarsu ba a gama cirewa ba. Ya ce jiya suka iso daga Kano, ya daɗe yana neman irinsu. Ya daidaita su, ya ɗan karkata ɗaya zuwa kunnen Malam na hagu, wanda shi ne mai sauran ƙarfi. Sannan ya zauna a ƙasa.

Sai ka ce yaron ya shigo shagon. Ga numfashinsa tsakanin aya da aya. Ga inda ya yi tuntuɓe, ya koma baya, ya gyara. Leɓen mai shagon ya motsa a daidai wurin, amma idon Malam a rufe yake.

Karatun ya ƙare, sai shuu irin na tsohon kaset. Malam ya ɗaga hannu alamar a kashe, domin ya san daga nan babu komai.

"Baba, a ɗan bar shi," in ji mai shagon.

A can ƙarƙashin shuu ɗin, inda babu rediyon da ta taɓa kaiwa, wata 'yar murya ta yi raɗa: "Inna, Baba ya ji ni?"

Uwani ba ta amsa ba, ita ma ɗan fari ne a wurinta. Taɓarya ta ci gaba da sauka.

Malam ya riƙe hannun kujera. A waje wata tirela ta wuce, tagogi suka girgiza. Sannan ya matso kusa da katakon, kamar mai magana da wanda ke bayan ƙofa.

"Na ji ka," in ji shi. "Wallahi na ji ka, Jibril."

Ya share fuska da hankicin, ya miƙe da ƙyar. "Wannan nake so. A kai mini gida. In yaron ya dawo, ya tarar da ita."

"Za a kai, Baba. Bari in rufe shago in raka ka, hanyarmu ɗaya."

Malam ya fita ya tsaya a inuwa, yana kallon motoci, shi kaɗai.

A ciki, mai shagon, Jibril, ya juya ya fuskanci bango, ya toshe baki da hannun riga, domin tun da aka haife shi yau ne ya fara jin mahaifinsa ya kira sunansa.