Ƙofar Ɗakin Wankan Malam Ishaya

Mudi mai gilashi ya jingina ƙofofi biyu a jikin katanga, ya share gumi, ya ce Malam ya zaɓa. Ɗaya tana da firam na alminiyam zagaye da ita, faɗinsa yatsa uku. Ɗayar kuwa gilashi ce zalla mai kauri, ba komai a jikinta sai mariƙi da 'yan ƙarafan da za su kama bango.

Malam Ishaya bai ɓata lokaci ba. Shekara talatin yana hedimasta a Malumfashi, bai taɓa neman ra'ayin kowa ba, ba kuwa a kan ƙofar ɗakin wankansa zai fara ba. Tun da ya je taron malamai a Kaduna a 1979, ya yi wanka a bayan gilashi zalla a wani otal, ya rantse sai ya yi irinsa kafin ya mutu. Yanzu ya yi ritaya, ya ɗora tanki a sama, ya ja famfo, ya sa shawa. Ƙofa kaɗai ta rage.

"Mara firam," ya ce.

"Mai firam," in ji matarsa Rahab daga bakin kicin.

Malam ya juya a hankali, kamar yadda yake juyowa idan aka yi surutu a bayan aji. Matar nan ba ta yi masa musu ba ranar da ya sayar da gonarsu ta Dayi, ba ta ce uffan ba da ya yi wa gidan fenti ruwan kabewa. Sai yau, a kan ƙofa.

"Me kika sani game da gilashi, Maman Liatu?"

"Na san waccan tsirara take, Baban Liatu. Ƙofa ba zane ba riga, a gidan dattijon majami'a?"

Mudi ya yi ƙoƙarin raba gardama. Ya ce mai firam ta fi tare ruwa, amma dauɗa da kumfar sabulu suna maƙalewa a gindinta. Mara firam ta fi sauƙin gogewa, sai dai tana ɗan yoyo ta ƙasa. Da ya ga ba mai sauraronsa, ya shigar da duka biyun sito, ya ce yana da aikin tagogi a gidajen 'yan auduga a Funtua, sai bayan kaka zai dawo.

Daga ranar aka shiga yaƙi. Shayin Malam ya zo da gishiri a madadin sukari. Ya shanye tas, don kada ta ga ta yi nasara. Shinkafa ta fara zuwa da tsakuwa, har wata ta gutsire masa haƙori. Maɓallin rigarsa ya cire, rigar ta yi mako uku a kan kujera ba a ɗinke ba, a gidan da a da ko zare ba ya kwana a kwance.

A majami'a ma ba ta ƙyale shi ba. Littafin waƙoƙin da suke riƙewa tare tun ranar ɗaurin aurensu, ta tura masa abinsa, ta ce ita da ka take rerawa. Da ya ɗaga mata hannu daga tsallaken titi a ranar kasuwa, ta wuce shi kamar turken wutar lantarki.

Magana ta fita gari. Zumuntar matan majami'a suka goyi bayan firam ba tare da sun taɓa ganinsa ba. Tsofaffin malamai da ke zama a gindin darbejiya suka tsaya a kan gilashi zalla, duk da cewa kowannensu da bokiti yake wanka. Fasto ya ce ya duba, Littafi Mai Tsarki bai ce komai a kan batun ba, ya zame.

Wata biyu da rabi aka yi a haka. Malam ya rame. Ba tsakuwar ce ta dame shi ba, shirun gidan ne. Rahab ta rage fita, takan zauna a inuwa hannu a kan cinya, kuma kullum ya buɗe baki zai yi magana sai ya tuna shi ne mai gaskiya, ya rufe.

Ranar Laraba Mudi ya dawo. Rahab ta riga ta tafi zumunta, tana saƙale da hannun maƙwabciyarsu Ladidi kamar wasu 'yan mata. Malam ya ja Mudi gefe ya raɗa masa zaɓinsa. Mudi ya buɗe baki, Malam ya ce aiki ya kira shi, ba sharhi ba.

Da la'asar Rahab ta shigo. Malam ya tare ta a tsakar gida da rigarsa mara maɓalli, ya ce ta biyo shi. Ta biyo a hankali, tana shafa bango. Rana ta ratso ta tagar ɗakin wankan ta haske ko'ina. Ya tsaya a gefe, hannu a baya, yana danne murmushi, yana jira.

Rahab ta daɗe tana kallo, sannan ta sauke ajiyar zuciya.

"To, Baban Liatu, ka yi yadda kake so. Na haƙura. Gilashin naka ya yi kyau, ko alamarsa ba a gani. Sai dai ka riƙa gaya mini in ƙofar a rufe take."

Murmushin Malam ya ɗauke. Taku ɗaya a gabanta, firam ɗin da ya sa aka kafa don ya faranta mata yana walƙiya a cikin rana, idanunta a buɗe a kansa, ba ta ganinsa.