Wuƙar Abdussalami

Tun daga bakin magudanar ruwa Almu ya jiyo kukan awakinsa. Ya yar da buhun audugar da ke kansa, ya zuba da gudu, gorarsa a hannu.

Awaki bakwai ne, kuma su ke nan abin da ya mallaka a kambo, bukkokin 'yan ƙwadago da ke bayan garin Wad Haddad. Nonon matarsa Sabuwa ya ƙafe, da madararsu jaririyarsu Sakina ke rayuwa. Ga shi ɗan kambo ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa. Ciyawa ta ƙare, awakin suka kwana biyu suna lasar danga.

Lubiya kuwa, waken da ake nomawa don dabbobi, ga ta nan kore shar a hawashar Abdussalami, gonar da hukumar noma ta ba shi. Dattijo ne mai baƙar zuciya, wanda ya tashi cikin makiyaya. Sau ɗaya awakin suka faɗa masa gona, ya tako har kambo ya ce, "Ya zol, kai mutumin nan, in na sake ganin bisashenka cikin hawashata, wallahi wuƙa za su sha."

Almu dai ya ji magana, bai sake su ba. Da kansa ya je da safen nan ya yanko ɗanyar lubiyar, sabuwar tofo, jiƙe da raɓa, ya jibga musu. Suka afka mata kamar ba gobe. Ya tafi tsinkar auduga yana murna, bai kula da ganyen da ya zubar a hanya har ƙofar garkensa ba.

Yanzu ga Abdussalami a cikin garken, hannu duk jini. Uku na kwance, kowace da huda a kwiɓin hagu. Ya danne ta huɗu da gwiwa, yana laluben cikinta da yatsa, wuƙa a ɗage.

Sabuwa ta tari mijinta tana cewa, "Tsaya ka ji, Malam!" Ya hankaɗe ta. Dattijon ya waiwayo zai yi magana, gora ta same shi a ƙeya. Almu ya ƙara masa, ya kuma ƙara, har sai da wuƙar ta faɗi cikin kashin awaki, ƙafafun dattijon suka daina motsi.

Mutanen kambo suka taru. Wata tsohuwa ta kwance mayafinta ta lulluɓe gawar. Almu bai ji nadama ba. Yana haki, ya juya ya ga abin da ya ceto.

Huɗun da wuƙa ba ta taɓa ba sun sheƙa, ɗanyar lubiya ta kumbura musu ciki tam kamar ganga, harshe a waje. Ukun da Abdussalami ya huda kuwa, iska ta gama fita, cikinsu ya sace, sun miƙe tsaye suna tuƙa.