Gadon Ƙailular Malam

Tun da aka gano cewa ƙwannafi ne ke hawowa cikin barci ya buɗe wa tarin nan mai cin huhu hanya, hukuma ta hana kwanciya a miƙe. Kowane gado a jingine yake kamar kujera. Daɓen ɗaki ma ƙara yake kai wa hukuma idan ya ji bayan mutum a kansa.

Da hantsi Tabawa ta shiga shagon Sallau kafinta.

"Gado nake so, shimfiɗaɗɗe, irin na da."

Sallau ya leƙa titi kafin ya amsa. "Inna, kin san doka. Ga maigidanki Malam da ƙwannafi."

"Shekara goma sha ɗaya mijina yana barci a zaune, tarin bai fasa cinsa ba. So yake ya miƙe bayansa sau ɗaya, tun yana ji."

"Makara kaɗai aka yarje mana mu yi a shimfiɗe."

Guda uku ne jingine da bango, sababbi. Tabawa ta auna ta tsakiyar da hannu, a hankali.

"Wannan za ta yi masa. A kawo kafin azahar, yana son ƙailula."