Takunkumin Uban Kwikwiyo

Likitar dabbobi ta ɗaga leɓen kwikwiyon da babban yatsa. Haƙoran sun yi ruwan ƙasa, sun gutsuttsure kamar alli.

"Ba laifin abinci ba ne," ta ce. "Gado ne, haƙoran ba su yi ƙwari ba tun fitowarsu. Na duba uwar. Ina uban?"

Mai karnukan ya yi dariya, duk da ba wannan ne kwikwiyo na farko da masu saye suka dawo masa da shi ba. Uban shi ne jarinsa. Da takunkumi ya sayo shi, aka gargaɗe shi kada ya kuskura ya cire a gaban mutane. In karen ya yi haushi, har masu babur sauya hanya suke yi. Saboda shi ake rububin 'ya'yansa.

"Likita, in kina son yatsunki, bar maganar nan."

Matarsa, wadda ke ba karen abinci kullum, ta ajiye tsintsiya, ta shiga kejin uban, ta kwance takunkumin kamar mai cire wa yaro takalmi. Karen ya yi hamma. Jan dasashi ne kawai a bakinsa, sai 'yan guntayen haƙora baƙaƙe.

"Tun yaushe?" mijin ya tambaya.

"Tun ranar da ka kawo shi, maigida. A zatonka don me nake jiƙa masa abinci?"

Karen ya yi haushi. A waje, wani ya yar da kayansa ya ruga a guje.