Abin da Jitar Baba Ta Ji

Tun da aka ƙero na'urar da ke tatso duk maganar da katako ya taɓa ji, tsofaffin jitocin lantarki masu rami a ciki suka yi tsada, don sun fi komai riƙe murya. Hukuma ma saye take.

Balaraba ta kai jitar marigayi babanta shagon Malam Tanimu dillali. Ja ce, fentinta ya tsattsage, ta daɗe rataye a falon da mijinta ke hira da abokansa.

"Malam, so nake in ji muryar Baba kafin ka yi mata kuɗi."

Ya manna na'urar a bakin ramin, ya kara kunne. Murmushinsa ya ɗauke, gumi ya keto masa.

"'Yata, mijinki ne ke zagin hukuma haka?"

Ta waiga bakin ƙofa. "Shi ne, amma wallahi sai ransa ya ɓaci."

"Maza koma gida ki cusa ta a murhu."

Ta sunkuya za ta ɗauki jitar. Sai a lokacin ta lura da teburin da ta dafa tana magana. Katako ne.