Mai Fito da Aladunta

Damyana tana tsugune tana ware ɓawon kankana daga cikin robobi sa'ad da matar baffanta ta leƙo. Likita ya sallamo Wissa, in ji ta, ya ce a kai shi gida kawai. Abu ɗaya yake roƙo kafin ya cika: yayansa ya zo ya gan shi.

Yayan nan shi ne Tadros, mahaifin Damyana, wanda shekara goma sha biyar ke nan bai kama sunan ƙanensa ba. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a unguwar masu kwasar shara ta Alƙahira, coci ɗaya suke zuwa, amma in Wissa ya zauna a dama, Tadros sai ya ja sandarsa ya koma hagu.

"Baba, mutuwa fa zai yi," in ji Damyana.

"To ni na riƙe masa ran? Ya aika wa abokan shan shayinsa su zo su yi jinyarsa."

Babu wanda bai san zancen shayin nan ba. A shekarar da hukuma ta ce a hallaka aladun ƙasar kaf saboda tsoron annobar mura, Tadros ya kora nasa guda arba'in cikin kogon dutsen da ke bayan gida. Ya cika su da abinci, don alade in ya ƙoshi barci yake yi, sannan ya toshe bakin kogon da damman kwali har sama. Mutum uku suka san wurin: shi, da ƙanensa, da 'yarsa. Ranar da ma'aikata suka shigo unguwar, yana can bakin titi cikin mazan da ke tare motoci. Da ya dawo ya tarar da kogo wayam, ga kofunan shayi huɗu a ƙofar gida, Wissa ne ya dafa wa baƙin. Tadros ya tambaye shi sau ɗaya ko shi ya nuna musu kogon. Wissa bai ce eh ba, bai ce a'a ba.

Damyana kuwa wata guda ta yi a kwance, har aka fara cire rai da ita. Ai dole. Tun tana rarrafe, in an neme ta an rasa, a garke ake tsinto ta tana barci cikin 'yan aladu. Kowanne da sunan da ta raɗa masa. In ta sa yatsu biyu a baki ta yi fito, duk inda suke sai sun amsa, ko da uwarta na bin ta da tsintsiya wai 'ya mace ba ta fito. Manema biyu ta kora don sun toshe hanci a tsakar gidansu, na ukun bai ma zo ba.

Yanzu aladu sun dawo unguwar kaɗan-kaɗan, tana da guda shida. Tana ɗaukar su a waya tana sakawa a shafinta da ta sa wa suna Mai Fito. Masu zagi su zage ta, masu dariya su yi, wasu kuma kullum naci suke ta yi musu fiton su ji. Ba ta taɓa yi ba. Bokiti take bugawa in za ta kira su cin abinci.

Da hantsi ta kai wa Wissa romon wake. Ya rame har ƙashin fuskarsa ya fito.

"Bai zo ba ko?"

"Zan sake yi masa magana, Baffa."

Ya kama wuyan hannunta, daidai zanen gicciyen da ke fatarta. "Roƙo kawai, 'yar yayana. Kada ki ƙara komai a kai."

Kwana uku tana roƙo. Limamin coci ya zo ya yi nasa, ya sha shayi, ya tafi. A rana ta huɗu Tadros ya sassauta, irin sassaucinsa: in Wissa ya amsa da bakinsa cewa shi ya nuna kogon, zai tsallaka ya yafe masa.

Wissa ya ji saƙon ya yi murmushi. "Wannan ne kawai? Je ki ce masa ni ne. Yi sauri, ba ni da lokaci."

Taku ashirin ne tsakanin ƙofofin biyu. Damyana ta tsaya a gaban mahaifinta, yana zaune yana gyaran igiyar buhu, bakinta ya ƙi buɗewa. Ta koma garke, ta zuba wa aladu ruwan da ba su nema ba, ta dawo ta sake tsayawa. Tana nan tsaye kururuwa ta tashi a bayan katanga.

Tadros bai je jana'iza ba. Da ta dawo idanu a kumbure, ya jawo ta ya dafa kanta. "Bar kuka. Duk duniya ke kaɗai ce ba ki taɓa cuta ta ba."

Ta zauna a bakin garke da wayarta. Wani ya sake rubuto tambayar da aka saba: wai ina aka samo wannan suna, tunda ba kya fito? Ta rubuta amsar a karo na farko, ta karanta, ta goge.

Ranar da aka kwashe aladun, Wissa ya tsare ma'aikatan da shayi da hira a ƙofar gida don kada su zagaya baya, har sun miƙe suna yi masa sallama. Kwana biyu ke nan ba ta ji ko motsi daga kogon ba, zuciyarta ta ce sun shaƙe sun mutu, sai ta sa yatsu biyu a baki don kawai ta tabbatar, aladu arba'in suka amsa mata gaba ɗaya.