Mara Lafiya a Layin Na'ura

"Wallahi Oga, zazzaɓi ya kwantar da ni, ko tashi ba na iya yi." Na tura wa shugaban sashenmu saƙon, na gyara tsayuwa a kan layi.

Mun kai mutum arba'in a ƙofar kantin, muna jiran sabuwar na'urar wasa ta hannu, ƙanwar wadda muka shekara shida muna latsawa. Kowa da burinsa. Wani yana so batirinta ya yini. Wani yana so maɓallin hagu ya daina motsi shi kaɗai kamar mai iska.

"Kai fa, ɗan'uwa?" in ji na bayana.

"Ni dai ta shige ƙarƙashin tebur ba ƙara. Oganmu in ya fara jawabi, sai ka cinye wasa uku bai kai abu na biyu ba."

Na gabana ya juyo, ya sauke takunkumi. Oga ne.

Watana uku kacal a aikin, ko tabbatar da ni ba a yi ba.

"Oga, ai nan hanyar asibiti ce…"

"Rufe min baki." Wayarsa ce ke ruri, kiran bidiyo. Ya duba. Ya tuɓe kwat ɗinsa, ya nuna min bencin kantin.

"Darakta ce. Ina ganin saƙonka na ce mata ni na kawo ka asibiti. Kwanta in lulluɓe ka, ka yi nishi."

Na kwanta, na lumshe ido.

"Oga, fara komawa bayana a layi. Sai nishin ya fi fita."